Yadda Ake Bin Sawun Dabbobin Fenti na Tara Kuɗin Agaji, Mataki-mataki

Tambayar ta yi ta zuwa mini, musamman daga ɗalibai da masu kai ziyara Birtaniya lokacin zafi: waɗannan giwaye da mujiyoyi masu fenti da ake gani tsaye a bakin titi, yaya ake bin su, kuma nawa ake biya?

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ana ƙera siffar dabba ɗaya, a buga ta sau da yawa da roba mai zaren gilashi, a raba wa masu zane kowa ya yi wa tasa ado. Sai a watsa su cikin gari na mako takwas zuwa goma, daga nan a kwashe a yi gwanjonsu, kuɗin ya tafi asibitin yara, ko gidan jinyar masu ciwon ajali, ko ƙungiyar kare namun daji. Da shanu abin ya shahara a Zurich a 1998, Shikago ta ɗauka a 1999, yau kuma kusan kowace shekara sai wani birnin Birtaniya ya yi nasa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Kallo kyauta ne, ba ƙofa ba tikiti. Amma saboda haka tafiyarka ita kaɗai ba ta sa ko sisi a asusun marasa lafiya. Kana iya zagaye gari kaf, ƙafa ta yi bororo, ka koma gida ba ka taimaki kowa ba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne don ka ga dabbobin ba tare da wahala ba, kuma kuɗinka ya isa inda ya kamata.

1. Tabbatar da kwanan wata da wanda ya shirya

Kafin ka sayi tikitin jirgi, nemi shafin shirin na asali ka duba abu uku: ranar farawa, ranar da za a kwashe, da sunan ƙungiyar da za ta amfana. Yawancin shirye-shiryen Birtaniya suna faɗowa tsakanin Yuli da Satumba, daidai da dogon hutun makaranta. Wani kamfani mai suna Wild in Art ne ke bayan da yawa daga cikinsu, kuma shafinsa na nuna waɗanda ke tafe.

Kashedi: hotunan tsofaffin shirye-shirye ba sa mutuwa a intanet. Ƙudan zuma 101 na Manchester an kwashe su tun 2018, mujiyoyi 89 na Birmingham tun 2015, amma har gobe za ka ga hotunansu suna yawo kamar jiya aka ɗauka. Duba shekara, ba wata kaɗai ba.

Kada kuma ka ajiye tafiyarka sai ranar ƙarshe. Wani lokaci motar kwashewa kan fara aiki tun daren ranar.

2. Samu taswira, kuma ka samu iri biyu

Akwai ta takarda, akwai manhajar waya. Ta takarda ana samunta a ofishin masu yawon buɗe ido, ɗakunan karatu, gidajen tarihi da shagon da shirin kan buɗe na wucin gadi. Wani wurin kyauta ce, wani wurin a ce ka jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. Manhaja kuwa wata kyauta ce, wata takan kama kamar fam biyu.

Kowace da aikinta. Manhajar ce ke nuna maka inda kake tsaye da dabbar da ta fi kusa, ita ke ƙirga waɗanda ka gani, kuma ita ake sabuntawa idan an matsar da wata. Takarda kuwa ba ta cin caji, kuma a kanta ne za ka ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe ka yi masa zane da biro. Idan da yara, takardar ka damƙa musu. Yaron da aka ba shi aikin neman lamba ta gaba ba ya saurin cewa ya gaji.

Kashedi: sauke manhajar daga mahaɗin da ke shafin shirin, kana gida a kan intanet mai ƙarfi. Ka buɗe ta, ka yi rajista, ka ba ta izinin ganin inda kake. Wanda ya bar wannan sai yana tsaye gaban dabba ta farko zai ɓata rabin awa yana jiran saƙon tabbatarwa.

3. Kasa taswirar kashi-kashi

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin kuskure.

Kuskure na farko shi ne bin lambobi a jere, daga 1 zuwa 2 zuwa 3. Lambar da ke taswira ba lallai ba ne ta bi hanyar ƙafa. Shimfiɗa takardar, ka zagaye duk inda dabbobi suka taru da biro. Kusan kullum za ka ga iri uku: cunkoso a tsakiyar gari, ƙananan gungu a unguwanni da wuraren shaƙatawa, sai kuma 'yan tsirarun da aka jefa can nesa.

Na tsakiyar gari da ƙafa ake bin su. Babba mai lafiya yana cin kamar kilomita biyar a awa idan ba ya tsayawa, amma kai tsayawa ce ta kawo ka. Sa wa kowace dabba minti biyar: neman ta, karanta allonta, jiran waɗanda suka riga ka su gama hoto. Dabba ashirin ke nan sun cinye fiye da awa ɗaya da rabi kafin a lissafa tafiyar kanta. A ganina ashirin zuwa ashirin da biyar a yini sun ishi babba. Da ƙananan yara ko tsoho, goma zuwa sha biyu, kuma a tashi tun ana marmari.

Shirya hanyar ta zama da'ira, ka fara daga tasha ka ƙare a tasha. Idan garin na da tudu, kamar Sheffield ko Bristol, hau bas zuwa sama ka gangaro da ƙafa. Mai tura keken jariri zai gode mini.

Gungun unguwanni kuwa ba su yini guda na daban, da bas ko keke. Mota ba ta da amfani a tsakiyar gari, kuɗin ajiye ta kaɗai zai cinye abin da ka yi niyyar bayarwa, amma tana da rana ga na bayan gari.

Sai na nesa. A shirin karnuka 80 na Bristol a 2013, wanda aka kira Gromit Unleashed, ɗaya daga cikinsu a tashar jirgin Paddington ta Landan aka ajiye shi, tafiyar kusan kilomita 190. Tun kana gida ka yanke shawara: duka kake so ka gani, ko kuwa yini mai daɗi kake nema? Duk biyun daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ka fita da niyyar shaƙatawa, manhaja ta nuna maka saura bakwai, ka tsinci kanka kana kashe fam arba'in a jirgi don ka cike gurbi a waya. Wannan arba'in ɗin da asibitin ka ba.

Sannan ka ware waɗanda ke cikin gini. Banda manyan, akan yi ƙanana da 'yan makaranta ke yi wa fenti, kuma su ba a barin su a titi. Ana jera su a ɗakunan karatu, gidajen tarihi da manyan kantuna. A Sheffield a 2016 manyan giwaye 58 ne, ƙananan sun haura su yawa. Na cikin gini suna bin lokacin buɗewa da rufewar ginin, don haka su za ka fara gani da rana, ka bar na waje sai yamma.

Kashedi: ranar Lahadi manyan shaguna a Ingila da Wales awa shida kacal doka ta ba su, yawanci kuma ƙarfe huɗu ko biyar sun rufe. Ni na taɓa isa wani kanti da biyar da kwata ranar Lahadi, ina hango ƙananan dabbobi shida a jere ta gilashi, ƙofa a kulle. Wasu gidajen tarihi kuma Litinin ce ranar hutunsu.

Hasken rana yana gefenka idan ka je da wuri a kakar. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare. Zuwa tsakiyar Satumba bakwai da 'yan mintuna duhu ya fara.

4. Kayan tafiya da kasafi

Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba. Rigar ruwa mara nauyi ta fi lema, domin hannunka ɗaya na riƙe da waya, ɗayan da taswira. Gorar ruwa, biro, filasta, abin taɓawa ga yara. Sai batirin caji na aljihu da wayarsa: manhajar da ke bin inda kake, ga kyamara a buɗe, ga hasken allo a ƙure saboda rana, kafin la'asar waya ta mutu.

Kuɗin da za ka kashe kashi huɗu ne: sufuri, abinci, taswira ko manhaja, da abin da za ka bayar. Rubuta na huɗun tun kana gida, ka ware shi gefe. Idan ka bar shi ya zama abin da ya rage, ba abin da zai rage.

A kan sufuri, motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati. Idan ka sauya bas cikin awa ɗaya da kati ɗaya ba a sake cire maka, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuma kyauta suke hawa. A sauran Ingila an sa wa yawancin tafiye-tafiyen bas iyakar fam uku daga Janairun 2025. Idan za ka hau fiye da sau biyu, tambayi direba tikitin yini.

5. Abin da za ka yi a gaban kowace dabba

Bi wannan tsarin, zai hana ka dawowa.

Fara da allon. Kowace dabba tana kan dakali mai nauyi, a jikinsa akwai allo ɗauke da sunanta, sunan mai zanen, da na kamfanin da ya ɗauki nauyinta. A nan ne za ka ga lambar sirrin da manhaja ke ƙirga maka dabbar da ita, ko tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamara. Shigar da ita a manhaja, ka ga ta karɓa, ka kuma yi alama a takarda. Idan intanet ya ƙi, ɗauki hoton allon ka shigar daga baya.

Duba ko akwai tukuici. Masu ɗaukar nauyi kan liƙa rangwame ko shiga gasa a jikin dabbarsu, kuma sai ka buɗe ta a manhaja yake fitowa. Karanta kafin ka danna. Wasu suna neman adireshin imel ɗinka ne don talla.

Sannan ka zagaya ta. Wannan shi ne abin da masu gaggawa ke asara. Mai zanen ya yi makonni a kanta, kuma sau da yawa mafi kyawun aikin yana bayan kunne, a ƙarƙashin ciki, ko a gindin wutsiya. Wata an zana mata tarihin unguwar da take tsaye. Ita kanta dabbar ba a banza ake zaɓen ta ba: ƙudan zuma tambarin Manchester ne tun zamanin masaƙu, Sheffield kuma ta ɗauki giwa ne don tunawa da wata giwa mai suna Lizzie da ta yi dakon ƙarfe a garin lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Hoto ya zo ƙarshe. Ka yi ka matsa, akwai na bayanka.

Kashedi: kada a hau. Ko yaro ya yi kuka, kada a ɗora shi a baya, kada a yi lilo da haure ko kunne. Cikinta rami ne, fentin kuma ɗan siririn man ƙyalli ne kawai ke kare shi. Maɓallin wando ko zoben hannu ya isa ya karce shi. Wannan dabbar kaya ce da za a sayar, duk tabon da ta samu ragi ne a kuɗin da zai je wa marasa lafiya. Ka kuma kula da hotonka kada ya kwaso fuskokin 'ya'yan mutane, ka kula da bayanka kada ka ja da baya zuwa hanyar kekuna.

6. Idan ka je ba ka same ta ba

Yana faruwa. Zagaya ginin tukuna, domin alamar taswira kan kauce da 'yan mitoci, dabbar na iya kasancewa a farfajiya ko a bene. Idan dakali ka tarar babu kowa a kai, an ɗauke ta gyara ne. Yawanci ana barin sanarwa, wani lokacin har da lambar don kada lissafinka ya tsaya. Duba shafin shirin don ranar dawowarta.

Idan kai ne ka fara ganin ɓarna, tsagewa ko rubutun 'yan iska, ɗauki hoto ka tura wa masu shirin da sunan dabbar. Kada ka gwada gogewa da kanka.

7. Ka bayar, ta hanyar da ta fi kai wa

Yana da kyau ka san inda babban kuɗin ke fitowa. Kamfanoni ne ke biyan kuɗin ƙera dabbobin da ladan masu zane, gwanjo kuma shi ke kawo kaso mafi tsoka. Na Bristol a 2013 ya tara fam miliyan 2.3 ga asibitin yara na garin. Mujiyoyin Birmingham sun kawo sama da fam 500,000, ƙudan zuman Manchester sama da miliyan ɗaya. Giwayen Landan na 2010, su kusan 260, sun tara kimanin fam miliyan huɗu don kare giwayen Asiya. Taka gudummawar ƙarama ce kusa da waɗannan, amma masu tafiya dubbai ne.

Hanya mafi tsabta ita ce bayarwa kai tsaye a shafin ƙungiyar, ko ta mahaɗin da ke cikin manhaja. Sai akwatunan da ke shagon shirin da na'urar taɓa kati da akan ajiye a wasu wurare. Sayen tsaraba, kamar ƙaramin kwafin dabbar, littafin sitika ko riga, shi ma yana taimakawa, sai dai ka sani kuɗin ƙera kayan na fita daga ciki. Fam goma a akwati ya fi fam goma a riga isa. Idan don yaro ya samu abin tunawa ne, saya. Idan don asibiti ne, bayar.

Wanda ke biyan haraji a Birtaniya ya cike gurbin Gift Aid. Da shi ƙungiyar ke karɓo ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu daga hukumar haraji, fam 20 ya zama fam 25, ba tare da ka ƙara komai ba.

Kashedi: idan ziyara ka zo, ko ɗalibi ne kai da ba ya biyan harajin shiga, kada ka sa hannu a wannan gurbin. Shaida ce kake bayarwa cewa ka biya harajin da ya kai abin da za a karɓo, idan kuma bai kai ba ana iya bin ka cikon. Ba ya kuma aiki a kan sayen kaya ko tikiti.

Kashedi na biyu: kafin ka biya ta tambarin da ke jikin allo, shafa shi da yatsa ka ji ko wani aka liƙa a kan na asali, ka kuma karanta adireshin shafin da ya buɗe. Duk ƙungiyar agaji mai rajista tana da lamba, kuma kana iya duba ta kyauta a kundin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, wato Charity Commission idan a Ingila ko Wales ne, ko OSCR a Sikotlan. Mai tara kuɗi a titi da bokiti ya kamata ya kasance da katin shaida, bokitin kuma a rufe da hatimi.

Akwai wata hanyar ga mai son tafiyar tasa ta zama kuɗi da gaske: ka sa 'yan uwa da abokan aiki su yi alkawarin wani abu a kan kowace dabbar da ka gani. Mutum goma, kowa ya ce fam ɗaya a kan dabba biyar, kai kuma ka ga hamsin, fam ɗari ke nan. Buɗe shafin tarawa da ke zuba kuɗin kai tsaye a asusun ƙungiyar, kada ya bi ta aljihunka; ya fi maka kwanciyar hankali.

8. Taron bankwana

Bayan an kwashe su, ana wanke su a gyara, sannan yawanci a tara su wuri ɗaya na kwana biyu ko uku kafin gwanjo. Wannan da tikiti ake shiga, kuɗin kuma na ƙungiyar ne. Ga wanda ba ya iya doguwar tafiya, ko wanda ya rasa na nesa, ita ce dama mafi sauƙi ta ganin su duka cikin awa biyu. Tikitin na da lokacin shiga, kuma na Asabar da rana su ke fara ƙarewa, don haka ka saya da zarar an sanar.

Ni dai na fi son ganin su a titi. Giwar da ka sha kwana ka ci karo da ita a gaban tashar bas ba ɗaya take da giwa ta talatin a layi cikin zaure ba.

9. Gwanjo, ga mai hali

Yawanci makonni kaɗan bayan rufewa ake yi, a zaure da kuma ta intanet. Kallo ta intanet galibi ba ya buƙatar komai, amma taya sai ka yi rajista tun kafin ranar.

San farashin kafin ka ɗaga hannu. Giwaye 58 na Sheffield sun tashi a fam 410,600, wato kamar fam 7,000 kowace idan aka raba daidai. Waɗanda fitattun mutane suka zana kan ninka haka sau da yawa. A Bristol an sayi kare guda a kan fam 65,000. Shi ya sa makarantu, unguwanni da ma'aikatan ofis kan yi karo-karo su sayi wadda ta tsaya a ƙofarsu. Ƙananan da 'yan makaranta suka zana kuwa galibi ba sa shiga gwanjo, makarantunsu suke komawa.

Kashedi: taya alkawari ne, da zarar an buga guduma ba janyewa. Karanta sharuɗɗa ka ga ko akwai ladan dillali ko haraji a kan farashin, kwana nawa aka ba ka ka biya, da ko dakalin na cikin cinikin. Ɗaukowa yawanci a wuyan mai saye take, kuma dabbar da ta kai tsayin ƙirjin mutum ko fiye ba ta shiga bayan ƙaramar mota. Tambayi masu shirin tsawonta da faɗinta, ka auna ƙofar da za ta bi da wurin da za ta tsaya tun kafin ranar. Idan a waje za ta zauna, nemi sunan man ƙyallin da aka shafa mata daga wurin mai zanen, domin za ta buƙaci a riƙa sabunta shi, kuma ba kowane iri ne ke zama a kan wani ba.